Ɗayyabu Mai Ayaba da Na'urar Madani

Kafin ciwon ya same shi, ba a tuna Ɗayyabu sai an tuna bakinsa. Dogo ne marar jiki, mai ɗan siririn gemu, wanda in ya sauke ayabarsa a kasuwar Sinja za ka jiyo muryarsa tun daga wajen masu albasa. Yana ciniki da Larabci kamar a Omdurman aka yanke masa cibiya, ya juya ya yi wa tsohuwar garinsu bayani da Hausar kakanninsa bai ko haɗiye yawu ba. In aka kira wani dattijo ofis a kan maganar gona ko takardar zama ɗan ƙasa, Ɗayyabu ake nema ya raka shi, don ya san inda ake sassauta murya da inda ake ɗaga ta.

Garinsu Hillar Ango ne, ƙauyen Hausawa a bakin babban kogin da suke kira Bahar, tafiyar rabin sa'a daga Sinja in hanya ta bushe. Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar aikin hajji, ya tsaya a nan don ya yi noman damina ɗaya, a nan kuma aka binne shi bayan damina sittin. Ɗayyabu ya yi samartakarsa yana tsinkar auduga a gonakin wasu a Wad Haddad. A can ya shaƙu da injin ban ruwa, wanda mutanen wurin ke ce wa babur, har ya kai in injin ya yi tari daga nesa sai ya faɗa maka abin da ke damunsa. A shekarar 1993 ya sami wani ɗan tsiri na ƙasa a gaɓar ruwa, ya jawo wani tsohon babur da mai shi ya fid da rai da shi, ya kwance shi ƙusa-ƙusa a ƙarƙashin rumfa, ya tayar da shi. Daga nan ya dasa ayaba.

Yana da wata ɗabi'a da maƙwabtansa suka daɗe suna yi wa dariya. In an kawo sabon taki, ba ya zuba wa lambun duka. Sai ya ba layi ɗaya, ya tsallake na kusa da shi, ya jira ya ga abin da nunan zai nuna. Zakariya, wanda lambunsa ke jikin nasa, yakan ce Ɗayyabu ya iya raba kan 'yan uwa ko a cikin ayaba.

A gida kuwa, tun da 'ya'yansa suka shiga makaranta ya daina yi musu Hausa. An taɓa yi masa dariyar harshe a gaban jama'a a wani ofis yana saurayi, ya ƙudurta ba za a yi wa nasa ba. Matarsa Barakatu ba ta bi shi ba, ta ci gaba da yi musu faɗa da lallashi da Hausarta, suna amsa mata da Larabci. Haka suka tashi. Mazan suka watsu, biyu a Khartoum, ɗaya a Saudiyya. Babbar 'yarsu Intisar ta zama malamar lissafi a makarantar 'yan mata a Sinja. Tana jin Hausa sarai, amma in ta tashi mayarwa sai bakinta ya yi nauyi.

Wata safiya bayan damina, a shekarar 2015, Ɗayyabu yana juya ruwa daga wani layi zuwa wani sai fartanya ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi rufuwa. Ya zauna a kan kunya yana kallon hannun, ruwa na malala inda ba a aike shi ba. Ruwan ne ya tsallaka lambun Zakariya, shi ya sa ya leƙo zai yi tsiya. Ya kira sunansa sau biyu. Ɗayyabu ya ɗago, ya buɗe baki, ba abin da ya fito.

A amalanken jaki aka kai shi bakin hanya, daga nan mota zuwa Sinja, daga Sinja aka tura su Madani. Likitoci suka ce hawan jini ne ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda magana ke zaune. Dama an daɗe da ba shi magani, amma sai kansa ya yi ciwo yake sha.

Bayan mako uku ya dawo gida yana jan ƙafa. Ƙafar ta yi ta samun sauƙi, hannun ma ya ɗan motsa. Maganar ce ta ƙi. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne in an tayar da salla yana karanta Fatiha tas, ba gargada, amma da an sallame ba ya iya ce wa na kusa da shi sannu. Da kalmomi suka fara ɓullowa ɗaya-ɗaya, babu Larabci ko ɗaya a ciki. Ruwa. Tahi. A'a. Hausa ce zalla, irin ta kakarsa, har da kalmomin da Barakatu ta ce rabon da ta ji su tun tana amarya. Yana jin abin da ake faɗa da harsunan biyu, amma in ya miƙa hannu zai ɗauko Larabcin sai ya tarar da wurin wayam.

Masu dubiya suka yi ta zuwa. Sukan zauna a kusa da gadonsa a tsakar gida, su yi ta magana a kansa kamar ba ya nan, wasu su ɗaga murya kamar kunnen ne ya mutu. Shi kuwa sai ya kau da kai ga bishiyar dalbejiya. Barakatu kaɗai ta san bambancin shirunsa na yunwa da na fushi. Intisar takan zo kowace Alhamis da yamma. Ba ya iya kiran sunanta, sai ya ce mata Lami, sunan da kakarta ta sa mata don an haife ta ran Alhamis, wanda ita kuma ta hana kowa kira tun tana aji uku. Ba ta gyara masa ba.

Wata bakwai ana haka. Ranar da Intisar ta mayar da shi asibitin Madani a duba jininsa, wata likita matashiya mai farin gilashi ta tsayar da su a baranda. Sunanta Daktora Tasnim. Ta ce tana wani bincike a kan waɗanda irin wannan ciwo ya ɗauke wa magana. Ana ɗora soso biyu jiƙaƙƙu da ruwan gishiri a kan mutum, a saki wutar lantarki 'yar mitsitsiya ta ratsa, minti ashirin, yana kallon hotuna yana ƙoƙarin kiran sunayensu. Babu yanka, babu allura. Ta ce a wasu ƙasashe ana ta gwadawa, wasu sun ga amfani, wasu ba su gani ba, ana zaton wutar tana ɗan zaburar da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya tsira don ya fi saurin koyo.

"Ban yi muku alkawarin komai ba," in ji ta da Larabci. "Ni ma nema nake in sani."

Da labarin ya iso Hillar Ango, Barakatu ta daka tsalle ta dire. Ta taɓa ganin wani ɗan ƙanenta da aka yi wa jinyar taɓin hankali da wuta shekaru da yawa da suka wuce, ba ta manta yadda ya dawo ba.

"Kahraba ga kai?" ta ce wa 'yarta, don haka suke kiran wutar lantarki a can. "Mutum na zaune lahiya lau, shina cin tuwonai, ku ɗauke shi ku kai a gasa? Malam ba mahaukaci ba ne."

Intisar ta yi ta bayani da Larabci cewa wannan dabam ne, uwar tana mayar mata da Hausa cewa wuta duk wuta ce. Ɗayyabu yana gefe yana kallon wannan ya kalli waccan. Can sai ya buga sandarsa a ƙasa. Ya daɗe yana kokawa da leɓɓansa kafin kalmar ta fito.

"Gani," ya ce. Ya nuna idonsa, ya nuna hanyar Madani.

Suka koma su uku. Daktora Tasnim ta buɗe wata 'yar jaka ta fito da na'urar ta ajiye a tebur. Ba ta kai rediyon aljihu girma ba. Ɗayyabu ya jawo ta da hannun hagu, ya jujjuya, ya bi wayoyin biyu da yatsa har zuwa soson, sannan ya ƙwanƙwasa murfin bayanta yana kallon likitar. Ta gane, ta buɗe masa. Batir ne ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu, irin wanda shi kansa yake sa wa mitar gwajin waya. Ya zaro shi ya ɗora a kan harshensa kamar yadda ya saba gwada batir, ya ji ɗan tsamin nan. Sai ya fashe da dariya, karkatacciya ta gefe guda, wadda rabon da a ji ta tun ranar da ya faɗi. Ya miƙa wa Barakatu batirin. Ta ƙi karɓa, amma ta gyara mayafi ta zauna.

Saura magana ɗaya, wadda likitar ta ce dole su fahimta kafin a sa hannu. Ba kowa za a saki wa wutar ba. Rabin masu zuwa za a kunna musu na ɗan lokaci kaɗan su ji ƙaiƙayin, sai na'urar ta kashe kanta ba su sani ba. Ƙuri'a ce ke raba su, wani malaminta ne ya rufe ta a ambulan, ita kanta lamba kawai take dannawa, ba ta san wanda ya faɗa ina ba sai an gama binciken duka. Hotunan kuwa kowa zai yi.

Intisar ta ɓata rai. Ta ce wato za su iya barin aiki da gida mako uku a kan soso jiƙaƙƙe kawai. Likitar ta ce haka ne, in ba a yi haka ba babu yadda za a san ko wutar ce ta yi aiki ko dama can mutum zai samu sauƙi.

Ɗayyabu ya taɓa hannun 'yarsa. Ya zana layi biyu a kan tebur da ɗan yatsa, ya yi kamar yana barbaɗa wani abu a kan ɗaya.

"Taki," ya ce. Ya nuna ɗayan. "Babu."

Sai da Intisar ta yi wa likitar bayanin lambun ubanta kafin ta gane. Ta cire gilashinta ta dube shi, ta kira shi baffa da Larabci, ta ce, "Ya ammi, wallahi na yi wa likitoci wannan bayanin sun fi ka wuyar ganewa." Ya sa hannu da hagu, rubutun kamar tafiyar kaza.

Ran farko aka ci karo da abin da ba wanda ya yi tunani. An ɗaure masa soson da roba, ɗaya a gefen hagu sama da kunne, ɗaya a goshi ta dama. Ya ji kamar tururuwa na yawo a fatar kansa, daga baya ya daina lura. Likitar ta ɗaga kati mai hoton kifi. Ya matse ido, ya ce, "Kihi." Ta dubi takardarta, ta dubi Intisar. Katunanta da jerin amsoshinta duk na Larabci ne, ita kuma ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa. Ta ajiye biro ta ce za ta tuntuɓi malaminta, mai yiwuwa ba za a iya ci gaba da shi ba.

Washegari ta dawo da amsa. Za a ci gaba, in akwai wanda zai zauna kullum ya tabbatar da kalmar daidai ce ko ba daidai ba, kuma a rubuta jerin Hausar tun kafin a fara. Aikin ya faɗo kan Intisar. Ta nemi hutu daga makaranta, suka sauka a gidan wata gwaggonta a Madani. Da ta zauna da katunan, guda sittin ne, sai ta ga ba ta san sunan kusan rabinsu da Hausa ba. Ta san akuya da ƙofa da wuƙa. Ba ta san tsani ba, ba ta san ƙugiya ba, kunkuru kuwa ta yi rantsuwa ba ta taɓa jin sa ba. Sai ta riƙa buga wa Barakatu waya, wadda ta riga ta koma gida saboda awaki, tana kwatanta mata hoto uwar tana ba ta suna tare da gori.

"Malama guda ba ta san tsani ba? To da mi kuke hawa ɗaki can Sinja?"

Kwana goma sha biyar suka yi suna zuwa, ban da Juma'a da Asabar. Kowace safiya ɗaki ɗaya, fanka ɗaya mai ƙara, ruwan gishiri na gangaro masa ta bayan kunne. Wasu katunan ba su yi masa ma'ana ba. An nuna masa tuffa ya ce tumatir, an nuna masa wani gida mai jan rufi da bututun hayaƙi ya ɗaga kafaɗa. Intisar ta sa Zakariya ya ɗauko mata hotunan lambun da waya, likitar ta yarda a yi amfani da su bayan an gama na ƙa'ida. A nan ne bakin ya fi sakin jiki. Ya ga babur ya kira shi, ya ga bel ɗinsa ya yi sako-sako a hoton ya ɓata fuska ya ce, "Zakariya. Rago." Wannan ce jimlarsa ta farko mai kai da gindi, Daktora Tasnim ta sa aka fassara mata ta rubuta a gefen takarda.

Akwai ranakun da babu abin da ke fitowa. Kalmar da ya kama jiya sai ta gudu yau, ya yi ta zufa, har wata rana ya ture katunan suka zube. Intisar ta tsince su. A hanyar komawa masauki ta tsaya wajen mai shayi ta saya masa, suka zauna a kan benci suna kallon motoci. A nan ta fara yi masa magana da Hausa da kanta, ba don aikin likita ba. Hausar tana tuntuɓe, tana sa namiji a wurin mace. Ya saurara har ta gama, sannan ya gyara mata kalma ɗaya.

A gwajin farko kati tara ya kira cikin sittin. A na ƙarshe ya kira ashirin da shida.

Ya koma Hillar Ango da kwafin katunan a leda. Intisar ta nemi a mayar da ita makarantar da ta fi kusa da gida, kullum bayan la'asar su zauna a kan tabarma su yi rabin sa'a. A hankali jimla ta fara haɗuwa, gajera, mai ɗingishi, amma jimla. Larabcin ma ya soma leƙowa, na kasuwa ya riga, sai na zagin jaki. Lambun ya ba wani ɗan wansa magidanci ya riƙe, shi kuma a kai shi a ajiye masa kujera a inuwa yana nuni da sanda.

Gari ya ɗauka cewa kahrabar Madani ta buɗe bakin Ɗayyabu. Shi ma haka ya ɗauka, in an tambaye shi sai ya dafa gefen kansa ya ɗaga babban yatsa. Wata rana da hantsi sai ga Alhaji Ali daga ƙauyen gaba, wanda matarsa Sakina ta kwanta da irin ciwon. Ya zo da batirin mota a kan amalanke, da wayoyi biyu masu baki kamar na kada. Ya ce Madani nisa, shi dai a nuna masa daidai inda ake ɗorawa.

Ɗayyabu ya dubi wayoyin. Duk kalmomin da ya tara suka watse a lokaci guda. Ya tashi da ƙyar, ya ja ƙafa har wajen amalanken, ya fizge wayoyin da hannun hagu ya cusa a ƙarƙashin rigarsa, ya tsaya yana huci.

"A'a," ya ce. "A'a. Ƙuna. Wanga... babba. Wancan..." Ya haɗa yatsu biyu ya nuna ɗan ƙanƙanin abu.

Alhaji Ali ya ji haushi, ya ce ashe mutum in ya warke sai ya yi rowar magani. Barakatu ce ta fito ta raba, ta sa aka kira Intisar, ita kuma ta buga wa likitar ta sa wayar a kunnen Alhaji. Daktora Tasnim ta gaya masa cewa na'urarta aikinta shi ne ta tare wutar ta auna ta, kada ta wuce ƙima, in ya ɗora wannan batirin zai ƙona matarsa ya ƙara mata ciwo a kan ciwo. Ta ce ya kawo ta, za ta duba ta. Alhaji ya tafi da batirinsa. Wayoyin kuwa Ɗayyabu bai mayar ba sai da ya ji an kai Sakina Madani.

Shekara ta kusa zagayowa sai likitar ta aiko cewa za ta bi ta garinsu a hanyarta ta zuwa Damazin. Barakatu ta share tsakar gida, ta soya gahawa ta daka da citta, ta kawo a jabana, 'yar butar gahawa. Aka gaisa, aka sha zagaye na farko. Daktora Tasnim ta yi ta juya ɗan kofin a hannunta, sannan ta ce an gama binciken, an buɗe ambulan.

"Ya ammi, kana cikin waɗanda ba a saki wa wutar ba."

Intisar ta fassara, ko da yake ya riga ya ji. Barakatu ce ta fara magana.

"Wato azumi ukku da niy yi don kada ta taɓa mai hankali, ashe ba a ko kunna ba?"

Ɗayyabu ya daɗe yana kallon ƙasa. Abin ya sosa masa rai, ba don an yaudare shi ba, ya san da sharaɗin tun farko. Kunyar abin da ya yi ta gaya wa mutane ce ta kama shi. Ya ɗago ya nuna bakinsa.

"To... wanga? Mi?"

Likitar ta ce ƙwaƙwalwa takan gyara wani abu da kanta in aka ba ta lokaci, kuma ba ƙaramin abu ba ne mutum ya zauna kullum yana neman kalma, da mai zama da shi. Sauran kuma na Allah ne. Ta ce mutum arba'in da biyu ta gwada. Waɗanda suka sami wutar sun ɗara sauran da 'yan kalmomi kaɗan, amma tazarar ba ta kai a rantse a kanta ba, sai an sake da mutane masu yawa a asibitoci da dama. Muryarta ta nuna ta so abin ya fi haka.

Ɗayyabu ya gyaɗa kai. Ya ɗaga yatsu uku, ya ce shi ma sai ya yi shekara uku yana gwada taki kafin ya yarda da shi. Ya ɗauki lokaci kafin ya haɗa maganar, ba wanda ya ƙarasa masa. Sannan ya sa aka sare mata nonon ayaba guda aka sa a mota.

Ran Juma'a bayan an sallame ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce yana da magana. Mutane suka tsaya, don an daɗe ba a ji shi a taro ba. Cikin kalmomi da ba su fi ashirin ba ya gaya musu cewa shi ba a sa masa wuta ba, soso ne kawai, kada kowa ya ce ya ji daga bakinsa cewa kahraba na warkarwa, likitocin ma ba su gama sani ba. Ya ƙara da cewa mai hawan jini ya sha maganinsa kullum. Wasu suka yarda. Wasu har yau suna cewa ɓoyewa yake yi don gudun baki.

Likitar ta yi wa duk waɗanda ƙuri'a ta tsallake tayin su zo a yi musu ta gaske in suna so. Da sanyi ya shigo ya je ya yi kwana goma. Ya ce ƙaiƙayin ya fi daɗewa, shi ke nan abin da zai iya shaida. Intisar tana ganin ya ɗan ƙara sauri bayan nan. Barakatu ta ce ita ba ta ga komai ba, dama can yana ƙaruwa. Shi bai shiga gardamar ba.

Bai koma yadda yake da ba. Hannun dama bai sake riƙe fartanya ba, ba a kuma sake ɗaukarsa rakiyar ofis ba. Yakan yi magana a hankali, ya tsaya a tsakiyar zance yana lalube, jikokinsa da ke zuwa hutu daga Khartoum suka koyi jira, suka kuma koyi Hausar da ta ishe su su roƙe shi ayaba.

A shekarar 2018 Daktora Tasnim ta sake neman Intisar. Ta ce masu jin Hausa suna ta zuwa mata daga ƙauyukan Jazira da na bakin Bahar, tana son a yi musu katunansu na kansu, da hotunan abubuwan da suka sani da sunayen da suke kira. Intisar ta ce wannan ya fi ƙarfinta ita kaɗai. Sai ta riƙa kawo hotunan zuwa rumfar da dattawa ke zama bayan azahar, tana ɗagawa suna faɗa tana rubutawa. Aikin da ta yi zaton na mako guda ne ya ci wata biyu, don kusan kowane hoto sai an yi musu a kansa.

Wanda ya fi daɗewa shi ne na wata dabba da aka ɗauka tana kwance a kan katanga. Zakariya ya ce mussa ce, haka uwarsa ke faɗa. Wani tsoho da kakanninsa suka fito daga ƙasar Kano ya ce shi kyanwa ya sani, mussa kuma bai san inda aka samo ta ba. Na uku ya ce mage. Wani daga baya ya ce su daina wahalar da kansu, duk gidan da ka shiga yau kadisa ake cewa, kamar yadda Larabawa ke faɗa. Murya ta fara tashi. Intisar ta riƙe biro tana duban ubanta.

Ya gyara zama, ya jira aka yi shiru.

"Rubuta duka," ya ce. "Marar lahiya... in ya samo ɗaya... ya ci."

"Har kadisa, Baba?"

"Har ita."

Zakariya ya ce shi dai a sa mussa a farko. Aka sa masa, Intisar ta ɗaga hoto na gaba.